Albam ɗin auren autarmu: wane salon rubutu ne yake ɗaukar haruffanmu?

Adda_Garwa:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ina neman shawarar masu harkar hoto. Auren autarmu bayan babbar salla ne, ni kuma na yi mata alkawarin albam, irin wanda ake jera hotuna shafi-shafi a waya, da ado da ɗan rubutu a ƙasan kowanne, in hali ya yi daga baya a buga shi a takarda. Daga adakar Inna na kwaso hotunan. Wasu baƙi-da-fari ne tun zamanin Ahidjo, wasu masu kala ne amma duk sun koma ja. Ina gwadawa da manhajojin zane na waya, Canva da PixelLab. Abin da ya tsaya mini shi ne rubutu. Duk salon haruffan da ya burge ni, masu lanƙwasa irin na katin biki, da na rubuta Ɗahiru ko Baƙo sai Ɗ da ƙ su koma ɗan akwati, ko su fito sirara daban da sauran. Wane salo ne yake ɗaukar haruffanmu? Sannan waɗanda suka yi ja ɗin, akwai dabararsu?

Hamma_Foto:
Wa alaikumus salam Adda. Ba daga wayarki ba ne, ba kuma daga manhajar ba. Kowane salon rubutu fayil ne da wani ya zauna ya zana harafi ɗaya bayan ɗaya. Yawancin masu zana na ado Turanci da Faransanci kawai suke dubawa, in sun yi é da ç sai su tashi. To in kika buga harafin da babu shi a fayil ɗin, ko dai manhaja ta aro shi daga wani salon, shi ne siririn da kike gani, ko ta ajiye miki akwati.

Waɗanda nake aiki da su a shago kuma suna da namu duka: Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL, Gentium da Andika. Duk kyauta ne, suna shafin intanet na Google Fonts. Kafin ki sauke kowanne ki fara buga wannan a wurin gwaji: ɓaure, ɗaki, ƙofa, Ɓaidu, Ɗanjuma, Ƙasimu. Ki lura da manyan, don akwai salon da za ki samu ƙaramin ɗ yana nan amma babban babu.

dan_kusiri90:
ni ban ga abin wahala ba wallahi. ki rubuta Dahiru kawai kowa zai gane. a katin dan kasa ma ai babu wata lankwasa, wani ma Dairou aka rubuta masa kuma yana amsa sunansa

Malama_Marwa:
Ɗan Kusiri, katin ɗan ƙasa na gwamnati ne, albam na gida ne. Ma'aikacin da ya rubuta Dairou da Oumarou da Aïssatou kunnen Faransanci ya bi, ba wanda ya tambayi mai sunan. Tun 1979 akwai tsarin haruffa na bai-ɗaya da aka amince da shi don rubuta harsunan Kamaru, kuma ɓ da ɗ suna ciki. Yanzu waya ta kawo mana su har tafin hannu, Gboard, allon buga rubutu na waya, yana da Hausa, sai kuma mu ce mun gaji?

Adda, in akwai dangin da za ki yi wa rubutu da Fulatanci, ki ƙara ƴ da ŋ a gwajin da Hamma ya ba ki. Andika nake so ni, don an yi shi ne saboda masu koyon karatu, tsofaffi ma suna ganinsa sarai.

Adda_Garwa:
Akwai kuwa Malama, dangin Inna duk Fulatanci ne. Na gode. To yaya ake shigar da su cikin manhajar? Na sauke Andika, ya zo mini a dunƙule na rasa inda zan kai shi.

Bappa_Sibar:
A zip yake zuwa, sai kin kwance shi. Ki shiga wurin fayil na wayar, ki taɓa shi, za ta ba ki zaɓin warwarewa. A ciki za ki ga masu ƙarshen .ttf, su ne haruffan. A PixelLab ki taɓa rubutun, ki shiga wurin canza salo, akwai ɓangaren naki na kanki, nan za ki nuna masa inda fayil ɗin yake. Sau ɗaya ake yi, ya zauna ke nan, ko babu data yana aiki.

Canva kuwa shigar da salo daga waje sai mai biyan kuɗi. A na kyauta sai dai ki laluba cikin waɗanda suka bayar, ki rubuta Noto a wurin nema. Kuma ita ta fi dogara da intanet, wannan ki sa a lissafi in kina unguwar da sabis yake wasa.

Adda_Garwa:
Ya shiga, alhamdulillah. Amma Hamma, gaskiya waɗannan duk rubutun littafin makaranta ne. Ni mai kwalliya nake so, na amare.

Hamma_Foto:
Na san za a zo nan. Ga yadda nake yi wa masu katin biki. Mai kwalliyar a kan kai kawai, babba, kuma sai a zaɓi kalmar da ba ta da harafi mai ƙugiya: Amarya, Barka, Zuri'a, Gidan Inna. Sunaye da bayani kuma a ƙasa da salo mai sauƙi. Salo biyu ya isa albam gaba ɗaya. In kika sa kowane shafi da nasa, ido zai gaji kafin a kai tsakiya. Kuma rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe in ya yi ƙanana ba ya karantuwa a takarda, a waya ne kawai yake yaudara don ana iya ja a buɗe.

Sa'adatu_Zane:
Akwai wata hanya in ya zama dole. Ki rubuta d ko k na salon, ki zana ƙugiyar da hannu a kai da kala iri ɗaya. Na yi wa wata Ƙadriyya haka a gayyatar suna, ba wanda ya gane. Amma fa aikin suna ɗaya ne ko biyu, ba albam ba.

Ummu_Njamena:
Ku naku mai sauƙi ne. Mu nan rabin dangi Larabci suke karantawa, dole kowane hoto in sa masa rubutu biyu. Wata manhajar da na gwada sai ta warwatsa haruffan, kowanne ya tsaya shi kaɗai, kuma ta jero su daga hagu. Kawuna ya duba ya ce wannan wane yare ne.

Bappa_Sibar:
Wannan kam daga manhajar ne, ba ta san haɗa harafi da harafi ba. Ki rubuta Larabcin a wadda ta iya, ki ajiye shi PNG marar bango, sai ki ɗora shi a shafin kamar hoto. PNG nake cewa, JPEG zai zo miki da farin fili a baya. Salo kuma ki nemi Amiri, irin bugun littattafan Misira ne na da, yana da kwarjini a takarda.

Malam_Allo:
Assalamu alaikum. Tunda an taɓo nan bari in sa baki. Wanda yake son ajami kada ya ɗauki salon Larabcin gabas, don tsofaffinmu da warshu suka tashi: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da muke rubuta wasalin e da shi. Akwai salo biyu da ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ta fitar kyauta. Ɗaya sunansa Harmattan, ɗaya Alkalami. Alkalami shi ne mai kaurin nan irin rubutun Kano, kai ka ce da tawada aka ja shi. Na buga wa mahaifiyarmu sunayen jikokinta da shi, ita da ba ta karanta boko, ta bi su ɗaya-ɗaya da yatsa har ta kama inda na tsallake mutum biyu.

Adda, in Inna ta yi allo, ki sa mata ko da sunayen ne da ajami a gefe. Albam ɗin na amarya ne amma ita za ta fi kowa daɗewa a kansa.

Adda_Garwa:
Malam, Allah ya saka da alheri, wannan bai zo mini ba sam. Ta yi allo kuwa, har yanzu da shi take rubuta bashin adashi.

Hamma_Foto:
Mu koma kan jan hotuna. Masu kala na shekarun 1980 haka suke yi, rinin da ke jikin takardar ba tare yake gudu ba, mai shuɗi-shuɗin ya kan riga tafiya sai ja ya rage. Zafinmu kuma yana ƙara masa sauri. A Snapseed, manhajar gyaran hoto, akwai wurin daidaita fari, da ɗan tsinken da ake ɗorawa a kan hoto. Ki nemi abin da kika tabbata fari ne a ranar, babbar riga ko rawani ko bangon farar ƙasa, ki ɗora a kai, sauran kalolin za su biyo. In ya ƙi, kada ki yi ta ja har fuskoki su koma kore. Mai da shi baƙi-da-fari, ya fi mutunci.

Tabo da ƙarce kuma akwai mai alamar filasta. Ki buɗe hoton sosai ki riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan. Snapseed na Google ne tun 2012, kyauta ne, ba ya neman data.

Yaro_Mai_Waya:
Duk wannan doguwar hanya ce Hamma. Yanzu akwai manhajojin AI, ka sa hoto ka danna sau ɗaya ya fito tas kamar jiya aka ɗauka, har kala suke sa wa baƙi-da-fari. Minti ɗaya an gama.

Goggon_Yara:
Ɗana, tsaya in ba ka labarin tas ɗin nan. Hoton mahaifiyata guda ɗaya tak muke da shi, tana zaune a kujerar mai hoto, hannu bisa gwiwa, da ɗan kunne irin na da. Tana da bille a kumatun hagu, duk wanda ya san ta da shi ya san ta. Jikata ta sa hoton a irin manhajar da kake faɗa. Ya fito fes, ba musu. Amma billen babu, ta ɗauka ƙarcewar takarda ce ta share. Ta kankare mata fata ta yi haske, ta sirance hancin, ta cike wushiryar. Aka tura a zauren dangi kowa yana masha Allah, ni kuwa ina kallon wata baƙuwa sanye da kayan uwata. Da na nuna wa yayana, wanda ya fi ni saninta, cewa ya yi wace ce wannan.

Adda, ki yi ado yadda kike so a gefe, amma fuskokin mutane ki bar su yadda Allah ya yi su.

Malama_Marwa:
Allah ya jiƙan mahaifiyarki, Goggo. Abin da mutane ba su gane ba, manhajar ba tono abin da ya ɓace take yi ba. Cikewa take yi da abin da ta saba gani a fuskokin da aka horar da ita da su. In ido ya dushe a hoto, wani idon za ta ƙirƙira ta sa.

Yaro_Mai_Waya:
Amin Goggo. Amma a yi adalci, ba kullum take ɓatawa ba. Hoton da ya ɗan dushe kaɗan tana gyara shi lafiya. Kuma yara ba sa tsayawa kallon hoto mai hazo, wucewa suke yi.

Hamma_Foto:
Kowa da gaskiyarsa. Ni a shago ina amfani da ita a kan tufafi da bango, fuska kuma in dawo da ta asali in ɗora. A waya ma ana yi: na asali a ƙasa, gyararren a sama, sai ka goge wurin fuskar daga na saman. In mai hoto ya nace sai an gyara fuskar, nakan buga masa biyun gefe da gefe, ya kai gida tsofaffi su zaɓa. Yawanci na asalin ake dawowa a ce in ƙara girma.

Maganar sa kala kuma, zato ne kawai. Zanin da yake shuɗin baba sai ta mai da shi ruwan hoda, wa zai yi musu tunda mai zanin ba ta nan?

Tsohon_Direba:
Ni ba na gane waɗannan abubuwa naku, jikana ne yake karanta mini. Amma ina da magana ɗaya. Ku juya bayan hoton. Masu hoto na da suna buga hatimi a baya, wani har da kwanan wata da biro. Ina da na babana, a baya an buga Fort-Lamy. To tun 1973 aka canza wa garin suna zuwa Njamena, ka ga ko ba a rubuta shekara ba an san kafin nan ne. Wani kuma yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, jirgi kuwa sai 1974 ya iso can, don haka bayan nan ne. Ku da kuke ɗaukar gaba kawai kuna barin rabin labari a adaka.

Ummu_Njamena:
Baba ya kawo magana. Mu mata ma muna da tamu alamar: atamfar 8 ga Maris. Ta Kamaru kowace shekara da zanenta, kuma akan buga shekarar a jiki. In aka buɗe hoton sosai wani lokaci ana iya karantawa a kafaɗar wata.

Adda_Garwa:
Baba, na tashi na je na juya su. Wallahi akwai rubutu a bayan da yawa. Ɗaya an rubuta da ajami da jar tawada, Inna ta ce hannun kakanmu ne, sunan wanda ya aika wa hoton ne da gaisuwa. Yanzu tunani nake in ɗauki bayan shi ma in sa shi kusa da gaban a shafi ɗaya.

Sa'adatu_Zane:
Ki yi haka! Ki ɗan karkata shi ya leƙo daga ƙarƙashin hoton, ki sa masa inuwa siririya. Babu salon rubutun da za ki sauke da zai kai wannan.

dan_kusiri90:
to kun gani, kakan ma bai nemi wani Noto ba

Malam_Allo:
Bai nema ba don alƙalaminsa yana da duk harafin da yake so, ɗan Kusiri.

Bappa_Sibar:
Wani abu da ba a taɓo ba, kuma shi ne tushe: yaya kika shigar da hotunan cikin wayar? In ɗaukar farko ta lalace duk gyaran banza ne.

Adda_Garwa:
A kan gado na shimfiɗa su da dare na ɗauka da fitilar waya. Wasu sun yi ƙyalli a tsakiya.

Bappa_Sibar:
Sai an sake. Da safe, a inuwar baranda, ba cikin rana ba, fitila a kashe. Ki goge gilashin kyamarar tukuna, ƙurar da ke kansa ita ke sa hoto hazo. Wayar ta daidaita da hoton sosai, kada ta karkace, in da hali ki jera littattafai ki ɗora ta a kai kyamarar ta leƙo. Masu sheƙi kuma akwai PhotoScan na Google, yana sa ki bi ɗigo huɗu, ya haɗa ɗaukar ya cire ƙyallin.

Ƙananan nan na kati, masu santimita 4x4, su kam ki kai a yi musu sikanin. Lissafin mai sauƙi ne. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. In aka yi wa 4x4 sikanin a 300, iyakarsa santimita 4 ɗin nan. A 600 zai kai 8, a 1200 zai kai 16. Yaran shago sukan bar na'urar a ƙaramin lamba don sauri, sai kin faɗa da bakinki.

Hajiya_Yagwa:
Ina da tambaya a kan wannan. Namu ruwa ya shiga gida a ambaliyar 2024, wasu hotunan sun manne da gilashin firam. A ɓamɓare?

Hamma_Foto:
A'a Hajiya, kada a ja, fuskar za ta biyo gilashin. A goge gilashin ta waje a ɗauka a haka, daga ɗan gefe don kada mai ɗauka ya fito a ciki, sai a miƙar da shi a Snapseed. In an samu wannan a hannu, sannan a yi tunanin abin da za a yi da na asalin.

Ummu_Njamena:
Mu ma 2022 ta ci mana da yawa. Abin da ya tsira shi ne wanda aka taɓa tura wa dangi a Kusiri. Sai dai da suka dawo mana da su ta WhatsApp duk sun ƙanƙance.

Bappa_Sibar:
Haka yake yi, yana matse hoto don ya yi saurin tafiya. Ki ce su turo a matsayin fayil, wato ta wurin da ake tura takardu, zai zo yadda yake. Adda ke ma ki kiyaye wannan in za ki karɓi hotuna daga 'yan uwa. Kuma ki ware folda guda ta na asali wadda ba a taɓawa, kullum a kan kwafi za ki yi aiki, don JPEG duk sanda aka gyara aka sake ajiyewa yana raguwa. A ajiye a wuri biyu. Google yana ba da 15 GB kyauta, memori kuwa ranar da zai mutu ba ya sallama.

Sa'adatu_Zane:
Ni bangon shafi nake so mu yi magana. Shiryayyun da ke cikin manhajojin nan duk furannin Turai ne da dusar ƙanƙara da ganyen kaka. Me ya haɗa hoton Inna da dusar ƙanƙara? Adda, ki buɗe adakar nan da kyau. Ki ɗauko tsohon zaninta, ki shimfiɗa a inuwa ki ɗauka daga sama, shi ne bangonki. Tabarma, faifai, bayan ƙwarya mai zane, saƙi, jakar fata irin ta Marwa, duk suna yi. Sai dai ki rage masa ƙarfi sosai ya koma kamar inuwa, in ba haka ba atamfa za ta cinye hoton. Hoton kuma ki yi masa farin gefe siriri ya raba shi da bangon.

Na yi wa yayata da zanin da aka goye mu da shi duka. Gefensa ya zare, na bar zaren ya fito a ƙasan shafin da gangan.

Yaro_Mai_Waya:
Anti Sa'adatu, a ƙara da ƙyalƙyali da ɗan hasken nan mai saukowa daga kusurwa, da zukata. Yana tashi sosai.

Sa'adatu_Zane:
A shafin ƙawayen amarya ka zuba duk abin da kake so. Amma kakan mutane da rawaninsa ka sa masa zukata suna yawo a ka? Kai ma ka san Goggo ba za ta bari ba.

Goggon_Yara:
Ba zan bari ba kam.

Malama_Marwa:
Har da ruwan ƙasa-ƙasan nan da ake zuba wa sabon hoto don ya yi kamar tsoho. In an haɗa su a albam ɗaya, nan da shekara ashirin yaro ba zai bambance na 1975 da na bara ba. Sabo ya zauna a sabonsa.

Alhaji_Mai_Goro:
Ku yi haƙuri in kawo wani gefe. Hotunan da akwai mata a cikin gida, wasu ba lulluɓi, an ɗauka ne don 'yan ɗaki. Takarda tana adaka, sai wanda aka ba ya gani. Amma da ya shiga waya ya zama na kowa, gobe sai ka gan shi a Facebook ana barka da Juma'a da shi. A tambayi masu rai kafin a sa, waɗanda suka rasu kuma a tambayi 'ya'yansu.

Adda_Garwa:
Gaskiya ne Alhaji. Na yanke zan yi biyu, cikakke na bugawa wanda zai zauna a ɗakin amarya, da gajere na turawa.

Injiniya_Dang:
Na zo a makare. In akwai kwamfuta a gida aikin zai fi sauƙi, shafi talatin a fuskar waya azaba ce ga ido. Ba sai an nemi Photoshop na sata ba, tun 2013 masu shi suka koma karɓar kuɗi wata-wata, kuma waɗanda ake zuba wa mutane a kasuwa sukan zo da ƙwayar cuta. GIMP, wanda shi ma gyaran hoto ake yi da shi, kyauta ne, tun 1995 ake gina shi, na 3.0 ya fito a 2025, kuma duk salon da kika girka a kwamfutar zai gani. Akwai kuma Photopea da ke buɗewa a burauza ba sai an girka ba, yana buɗe fayil ɗin Photoshop. Girman shafi ki sa shi tun farko: A4 a ɗigo 300 kowane inci shi ne faɗi 2480, tsawo 3508. In kika fara da ƙarami ba ya ƙaruwa daga baya.

Bappa_Sibar:
GIMP ga wadda jiya ta koyi kwance zip? Injiniya ka tausaya. Kafin ta gane inda aka ɓoye almakashi an kai amarya.

Injiniya_Dang:
Ba wuya kamar yadda ake faɗa. Amma na yarda, ga ɗan lokacin da ya rage kafin biki ta tsaya a abin da hannunta ya saba. Girman shafin dai PixelLab ma yana karɓa, ta sa lambobin da hannu, sai dai ƙaramar waya za ta iya yin nauyi.

Hamma_Foto:
Tunda an zo bugu, abu uku. Waya tana da haske daga ciki, takarda ba ta da shi, don haka kullum bugu ya fi duhu, kuma a fatarmu abin ya fi nunawa. Ki ɗan ɗaga hasken wuraren duhu kafin ki kai. Na biyu, kada rubutu ya matsa bakin shafi, wuƙar yanka tana cin milimita 3 ko fiye, ɓangaren ɗinki kuma ya fi haka. Na uku, shafi ɗaya za ki fara bugawa, wanda ya fi duhu, ki fita da shi waje ki duba kafin ki biya kuɗin sauran.

Sannan mu dawo kan tambayarki ta farko, don nan ne ake faɗuwa a ƙarshe. Kada ki kai wa mai bugu fayil ɗin da ake iya gyarawa. In kwamfutarsa ba ta da Andika ko Alkalami, za ta musanya da abin da take da shi, akwatunan nan su dawo bayan kin sha wahala. Ki fitar da kowane shafi PNG ko PDF, ki buɗe a wata wayar daban ki tabbatar.

Malama_Marwa:
Kuma ki tsaya a kansa lokacin bugawa. Akwai yaron shagon da ya ga ɗ a takardar makarantarmu ya ɗauka datti ne, ya bi duka ya gyara mana.

dan_kusiri90:
yaron nan dan uwana ne a akida

Adda_Garwa:
Ga inda nake. Na sake ɗaukar hotunan da safe, bambancin ba kaɗan ba. Kan shafi na sa mai kwalliya, sunaye da Andika, na Inna da Alkalami a gefe, Malam zan turo maka ka duba mini kafin in ci gaba. Bango zaninta ne na saƙi. Jan hotuna uku sun gyaru, ɗaya ya ƙi na mai da shi baƙi-da-fari. Amarya dai ta leƙa ta ce ita sunan ango take so da mai lanƙwasa, shi kuma sunan nasa da Ɗ ya fara. Har yanzu ba wanda ya san salon ado ko ɗaya mai haruffanmu?

Sa'adatu_Zane:
Suna ɗaya ne, zana ƙugiyar. Turo mini in yi miki.

Injiniya_Dang:
A Google Fonts ki liƙa sunan nasa a wurin gwaji, ki zaɓi rukunin rubutun hannu, ki yi ta gangarawa kina duba Ɗ ɗin da ido. Wanda ya aro za ki gan shi ya bambanta da sauran. Da kwamfuta ya fi sauri, zan duba da daddare in wuta ta zauna.

Malama_Marwa:
Wani abin kuma Adda, 'ya'ya za ki rubuta ko ƴaƴa? Tunda akwai Fulatanci a albam ɗin, ni da ƴ zan bi gaba ɗaya kamar yadda ake yi a Nijar.

Malam_Allo:
Littattafan Hausar da ke hannun mutanenmu daga Najeriya suke zuwa, Malama, da 'y suka saba. Ta bar kowane harshe da nasa.

Malama_Marwa:
A shafi ɗaya sauti ɗaya da rubutu biyu? Ban gamsu ba Malam.

Hajiya_Yagwa:
Hamma, na ɗauka ta gilashin kamar yadda ka ce, amma akwai farin tabo daidai inda ya manne, a kan kafaɗa. Filastar ce za ta cire shi ko in bar shi?